Kiɗan da Yayana Ya Ji da Tafin Ƙafa

Ranar wata Talata ce, bayan la'asar, a makon da mutanen Zuru suka gama shigar da dawa rumbu. Mu uku ne a shagon: ni, da yayana wanda kowa ke kira Saje, da mai shagon, wani Ibo da ya daɗe a garin har gaisuwarsa da C'lela, yarenmu, ta fi tawa daɗin ji. Kayan sauti yake sayarwa, yana kuma ba da hayarsu. Mun zo ne mu kama lasifikoki, domin ranar Asabar Yaya zai aurar da 'yarsa ta fari.

Yaya ya yi aikin soja a ɓangaren masu harba igwa. Ya tafi da kunne biyu, ya dawo da guntun ɗaya, shi ma guntun ya riƙa raguwa har ya ƙare. In kana son ya fahimce ka, sai ka tsaya a gabansa ya ga bakinka. Nawa bakin ya fi masa sauƙin karantawa, domin a gidan rediyon da nake aiki an hore mu da buɗe baki da cika kowane harafi. Shi ya sa duk lokacin da na zo gida hutu, ni ce tafintarsa.

A unguwarmu, inda kusan kowane gida ya ba da ɗa ga aikin soja, akwai abin da ake yi ranar biki. In tsohon soja zai aurar da 'ya, abokan aikinsa sukan sa tsofaffin takalmansu na aiki, su jeru layi ɗaya, su buɗe filin rawa. Uban amarya ne a gaba, kuma ƙafarsa ake bi. In ya kuskure, layin duka ya kuskure. Wanda tsufa ko ciwo ya hana, sai ya zauna wani ya ja masa layi. Daga ranar ba a ƙara kiransa fili a bikin kowa. A kujera ake zuwa a gaishe shi, kamar yadda ake yi wa dattawa. Yaya bai kai shekarun kujera ba. Noma yake yi da hannunsa, yana ɗaga buhun masara shi kaɗai. Amma ba ya jin kiɗa, kuma abokinsa tun na yarinta, Kofur, ya riga ya aiko cewa a shirye yake ya ja masa layi. Yaya bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Kwana da kwanaki ba ya cin abincin kirki.

Kujera ɗaya ce a shagon, Yaya ya bar mini ita, ya zauna a kan wani babban akwatin lasifika da ke bakin ƙofa. Mai shagon ya fara gwaji da waƙoƙin biki da aka saba. Ya ƙure sauti har kwanon rufin ya ɗauki zuga. Yaya yana kallon titi, bai ko juyo ba.

"Wannan waƙa ba ya nuna gaskiyan kaya," in ji mai shagon. "Anti, bari in sa na gwaji. In akwai wanda ya yage a ciki, yanzu za mu sani."

Ya ciro wani ɗan katin memori daga aljihun rigarsa ya sa. Da farko wani ɗigo na ji, kamar ruwa na sauka cikin gangar ƙarfe wadda babu komai a ciki. Sai wani duka mai kauri ya shigo daga ƙasa, a hankali, ba gaggawa. Ba ganga ba ce, ba kuma wani abin kiɗa da na taɓa gani ba. Ƙananan batura da ke jere a kan kanta suka fara matsawa da kansu.

Ƙafar Yaya ta dama ce ta fara motsi. Ban tabbata ya sani ba. Dunduniyar tana ɗagawa tana sauka, daidai kan dukan, ba ta riga shi ba, ba ta makara ba. Can sai ya dafa akwatin da tafin hannu biyu, ya juyo ya dube ni.

"Kiɗa ne wannan?" ya tambaya, da ƙarfi kamar yadda yake magana tun da kunnen ya tafi.

Na ce masa kiɗa ne.

"Wa ke kaɗawa?"

Na juya ga mai shagon. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi ma bai sani ba. Wani direba ne ya kawo waya caji, aka ga faifan a ciki aka kwafa. Ba sunan mai shi, ba hoto, waƙoƙin ma lamba kawai aka sa musu. Ba a sa shi a rediyo, ba a sayar da shi a kasuwa. Daga waya zuwa waya yake tafiya. Ya ce a birane ana kiran irin wannan kiɗa ilektiro, da kwamfuta ake haɗa shi, amma 'yan kabu-kabun Zuru injin niƙa suke ce masa, kuma suna son sa.

"Oga Saje yana ji?" ya tambaye ni a hankali, kamar Yaya zai ji shi.

"Da alama."

"Allah mai iko," ya ce. Ya bar faifan ya ci gaba.

Na kwafi faifan a wayata. Washegari da safe, bayan an watse daga karin kumallo, na zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ta tsakar gida, na sa iyafis a kunne, na saurare shi daga farko har ƙarshe.

A wurin aikinmu kiɗan da ba baiti a cikinsa abin cike gurbi ne. Ana sa shi kafin labarai, ko in baƙon shiri ya makara, kuma da zarar mai magana ya shirya ake rage shi. Kunnena ya saba da jiran murya. Na yi ta jiranta a waƙar farko, ba ta zo ba, kuma kafin a kai tsakiyar ta biyu na manta ina jira. Abin da a shago na ɗauka maimaici ne kawai, a kunne sai na ji ba zagaye biyu da suke daidai da juna. Kowane zagaye an ƙara wani ƙanƙanin abu ko an cire. Wani siririn sauti yakan taso daga kunnen hagu, ya bi ta bayan kai, ya ɓace a dama. A wata waƙar akwai abin da ke lanƙwasa murya kamar kalangu, har na kusa jin yana kiran sunan wani, sai ya miƙe ya koma ƙarfe. A wata kuma akwai numfashin mutum, guda ɗaya tak, an sa shi can ƙasa inda sai mai iyafis zai ji. Na san aikin tace sauti, na san yawan zaman da irin wannan ke ci. Wani ya zauna a wani ɗaki, ban san ko a wane gari ba, ya jera waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya da haƙurin mai saƙa, ya gama, ya sake shi cikin duniya bai ko rubuta sunansa ba. Mu da muke faɗin sunanmu a farkon kowane shiri da ƙarshensa, wannan ya tsaya mini a rai. Na daɗe zaune bayan ya ƙare, ina jin kukan kaji kamar daga wani gida.

Da rana mai shagon ya kawo lasifika biyu a amalanke don a gwada a tsakar gida. Aka jona su, aka ta da janareta, Yaya ya sa takalman aikinsa ya tsaya a tsakiya. Aka saki kiɗan. Ya tsaya yana jira. Ya matso kusa, ya sake matsowa, har gwiwarsa ta kusa taɓa akwatin.

"An sa?" ya ce.

An sa, har akuyoyi sun tsere bayan rumbu. A ƙirji yana jin wani abu kaɗan, amma bai isa ya ɗora ƙafa a kai ba. Jiya a kan akwatin yake zaune, yau ƙasa ce tsakaninsu, kuma ƙasa ta shanye dukan.

Matar Yaya ta fito daga madafa da muciya a hannu. Tsakanina da ita akwai wasa, ba ta raga mini.

"Ke 'yar rediyo, wannan ne kika kawo mana daga birni? Bikin 'yata za a yi da injin niƙa? To ku bari in kawo dawata, kada wutar ta tafi a banza."

"Ba ni na kawo ba, uwargida. A garinku na same shi."

"Dangin ango za su ce ba mu da makaɗa."

"Makaɗa za su zo. Buɗe fili kawai za a yi da wannan."

Ta dubi mijinta, yana tsaye a gaban akwati da hannu a ƙirji, ya rufe ido. Sai ta koma madafa.

Yaya ya zagaya akwatin sau da yawa. Ya kwantar da shi, ya taka gefensa da ƙafa ɗaya, ya sa aka sake kunnawa. Sai ya cire takalmin ya sake takawa. Daga nan ya kira mai shagon da hannu, ya tsuguna ya fara zane a ƙasa da tsinke. Ya ce in an harba igwa, wanda ke tsaye a ƙasa ƙara kawai yake ji, amma wanda ke kan dandamalin katako har haƙoransa suke amsawa. A haƙa rami mai tsawo a filin biki, a kwantar da lasifikokin a ciki suna kallon sama, a shimfiɗa falankai a kai su taɓa bakin akwatunan. A kai zai yi rawa, ba takalmi.

"Oga Saje, kayana za ka binne?"

Na maimaita masa. Yaya ya ce, "Gaya masa ba a taɓa ba ni kayan gwamnati na mayar da su da ƙura ba, balle nasa."

Mai shagon ya yi dariya, ya ce a shimfiɗa leda a ƙasan ramin, shi ke nan.

Ranar Alhamis aka haƙa ramin a filin da ke bayan gidanmu. Falankan na jikin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ne, aka aro daga wani maƙwabci. Da Yaya ya hau ba takalmi aka saki kiɗan, sai kafaɗunsa suka sauko. Ya taka daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya dawo. Ya sa aka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wadda saurinta ya yi daidai da takun layi.

A nan matsala ta biyu ta fito. A tsakiyar waƙar da ya zaɓa akwai wurin da dukan ƙasan yake ɗaukewa gaba ɗaya. Ba abin da ke saura sai wani siririn sauti can sama, kamar iska na bi ta cikin waya, kuma yana daɗewa. Da aka kai wurin, Yaya ya tsaya cak ya dubi janareta.

Na hau katakon na tsaya a gabansa. Na ce masa ba wuta ce ta ɗauke ba, haka mai kiɗan ya yi shi. Na ce zan iya yanke wurin in haɗe bakin biyu, ba wanda zai gane. Aikina ne, kuma a gidan rediyo shiru laifi ne da ake kiran mutum ofis a kansa.

"Yana dawowa?" ya tambaya.

"Yana dawowa."

"A kan ƙafar da ya tafi?"

Ban taɓa lura ba. Aka mayar, na bi da yatsa a kan cinyata har cikin shirun. Dukan ya dawo daidai inda ya kamata, kamar bai taɓa tsayawa ba. Na gyaɗa masa kai.

"To bar shi. Mutum ya bar maka gadi ya ce zai dawo, ba ka tashi. Mayar da shi baya."

Ya yi ta maimaita wurin har rana ta yi sanyi. Sau da yawa yana riga dukan, wani lokaci ya makara. Kofur ya iso ana cikin haka, da sandarsa ta ado wadda ba ya bukata, ya tsaya a bakin ramin yana leƙe.

"Saje, kabarin wa ake haƙa? In naka ne ka faɗa mini in sa farar riga."

Na maimaita wa Yaya. Ya ce, "Gaya masa na wanda ya gama aiki da igiya biyu ne."

"Igiya biyun da kunne biyu," in ji Kofur. "Kuma ba takalmi za ka ja mu? Soja ko mai tallan gyaɗa?" Sai ya juyo gare ni ya rage murya. "Ƙanwata, wannan kar ki fassara. In ya ɓata a gaban mutane ya fi zama a kujera ciwo. Ni a bayansa zan tsaya. In na ga ya karkace zan wuce gaba, a ce haka aka shirya."

Ban fassara ba. Amma Yaya yana kallon bakinsa, kuma sun yi shekaru suna magana a inda ƙara ba ta barin a ji juna. Ya yi wa mai shagon alama a mayar da kiɗan.

Ranar Asabar, bayan la'asar, fili ya cika. Dangin ango sun zo daga Danko a motoci, 'yan uwanmu na coci da na masallaci duk sun hallara, makaɗa suna gefe suna ɗaure kalangansu. Tsofaffin sojoji suka jeru, takalma sun sha mai. Yaya ya fito cikin babbar riga, ya zauna a bakin katako, ya kwance igiyar takalmansa a gaban kowa, ya ajiye su gefe ɗaya a jere. Na ji wata tsohuwa daga dangin ango tana tambaya ko al'adar gidan ce.

Ɗigon ya fara, dukan ya biyo. Samari suka gane faifan nan take, suka yi shewa. Manya suka dubi juna. Yaya ya ɗaga ƙafar hagu ya sauke, layin ya ɗauka. Katakon bai ɗauki mutum da yawa ba, don haka shi da Kofur da wasu kaɗan ne a kai, sauran suna ƙasa suna bin su. Takalman soja a kan falanki suka ƙara wa kiɗan wata murya da mai shi bai sa ba, kuma ta zauna a ciki kamar an bar mata wuri. Kafin a jima mata sun fara rausaya a inda suke tsaye. Na ga matar Yaya ta ɗaure gyale a ƙugu. Kiɗan da na saurara ni kaɗai a ƙarƙashin mangwaro, ina bin ƙananan abubuwan da ke cikinsa, shi ne wannan da ya ɗaga fili guda, kuma ba wanda ke jin numfashin nan da aka ɓoye a ƙasa. Ban san yadda abu ɗaya ya iya yin aikin nan biyu ba. Har yau ban sani ba.

Sai dukan ya ɗauke.

Ba mu gaya wa kowa ba, ban kuma yi tunanin ya kamata ba. A Zuru in sauti ya yanke ana tsakiyar biki, abu ɗaya yake nufi. Fili duka ya yi gunaguni ya juya wajen janareta. Mata suka tsaya. Wani ya ɗaga murya yana kiran a kawo mai. Rabin layin sojojin ya tsaya, wasu har sun fara gyara hula.

Yaya bai ga ko ɗaya ba, domin idonsa a rufe yake. Yana taka ƙafa a wuri ɗaya, hagu, dama, irin takun fareti, tafin ƙafarsa na sauka a kan katakon da ya daina motsi. Kofur yana bayansa. Na ga ya ɗaga sandarsa, ya matsa rabin taki kamar zai wuce. Sai ya dubi ƙafafun nan marasa takalmi, ya koma wurinsa, ya ɗauki takun. Na bayansa ya ɗauka, na bayan wancan ma. Gunagunin ya mutu. A filin nan ba abin da ake ji sai siririn sautin can sama da takalman tsofaffi, su kuma suna bin mutumin da ba ya jin ko ɗaya daga cikin biyun. Na sa yatsa a cinyata ina bi, amma na ɓata lissafin.

Dukan ya dawo tare da ƙafar Yaya ta hagu, a lokaci ɗaya, har ban iya rabe wanne ne ya yi ƙarar ba. Guɗa ta tashi daga ɓangaren mata. Makaɗan da ke gefe ba wanda ya ce su shiga, suka shiga, babbansu ya karkata kai yana neman inda zai sa kalangu a cikin kiɗan na'ura har ya samu. Yaya ya buɗe ido, ya ja layin ya sauka daga katako, ya zagaya fili da dukan da ya riga ya zauna masa a jiki, ya kai su gaban amarya ya tsaya. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ya dafa kanta.

Da aka buɗe fili ga kowa, Kofur ya zo ya tsaya a gabansa yana haki, ya buɗe baki sosai yadda Yaya zai gani.

"Ka yi sauri kaɗan a tsakiya."

"Ƙarya kake," in ji Yaya.

"Ƙarya nake," in ji Kofur, ya miƙa masa takalmansa.

Ranar Lahadi aka fito da lasifikokin, Yaya ya goge su da kansa, aka mayar da falankai, aka cike ramin. Na koma bakin aiki da faifan a wayata. Na tambayi abokan aikina da masu sa kiɗa a birni, wasu sun taɓa jin sa, ba wanda ya san mai shi. Jin Yaya bai dawo ba. Bayan damina Kofur ya aurar da 'yarsa, ya ce shi ma a kan katako zai ja layi, kuma Yaya ne ya auna masa ramin.